Akushin da Ake Dafawa Kafin Ya Ga Tuwo



Duk gidan da ya taɓa mallakar akushi ya san yadda ƙarshensa yakan zo. Wata safiya ce ta hunturu za a ɗauko shi, sai a ga tsaga ta taso daga baki ta nufi gindi, miya kuwa ta sami hanyar fita. Wannan ciwon kai bai tsaya ga gidajenmu ba. Masu sassaƙa kwanonin itace a Amurka da Turai sun daɗe suna fama da shi, har wasunsu suka kai ga wata dabara da mai karatu zai yi mamakinta: sukan jefa kwanon cikin tukunya tun yana ɗanye, su dafa shi kamar rogo, kafin su ƙarasa aikinsa.

Sai mun fara sanin yadda suke aiki kafin dabarar ta fito fili. Su ba da gizago suke raraka ba, irin na masassaƙanmu. Suna da inji mai juya gungume da sauri, wanda Faransawa ke kira tour à bois, mai aikin kuma yana riƙe da ƙarfe mai kaifi yana fere itacen yayin da yake juyawa. Ɗanyen itace ya fi taushi, ya fi sauƙin yanka, ba ya tada ƙura, shi ya sa suka fi son sa. Amma ba a gama kwano daga ɗanyen itace a zama ɗaya in ana so ya tsaya da'ira sosai. Sai a fitar da siffarsa da kauri, a bar bangonsa ya kai kimanin kashi ɗaya cikin goma na faɗin bakinsa, wato kwano mai faɗin santimita 30 a bar masa kaurin santimita 3. A ajiye shi ya bushe, wata shida ko shekara guda, sa'an nan a mayar da shi kan inji a fere shi karo na biyu. A tsakanin waɗannan watanni ne asara ke aukuwa.

Dalilin tsagewar yana cikin halittar itacen kansa. Ruwan da ke jikin ɗanyen itace iri biyu ne: akwai wanda ya cika ramukan jijiyoyinsa, akwai kuma wanda jijiyoyin suka sha a jikinsu. Na farko yakan fita ba tare da itacen ya motsa ba. Sai danshi ya sauka ƙasa da kusan kashi 30 cikin ɗari, na biyun ya fara fita, a nan itace ke soma tsukewa. Da a ce tsukewar daidai take ta kowace fuska, da babu magana. To ba haka take ba. Ta tsawon itace kusan babu ita; ta zagayen gungume kuwa takan kai kusan ninki biyu na wadda ke tafiya daga ɓawo zuwa tsakiya. Shi ya sa kwanon da aka ajiye da'ira ake tarar da shi ya koma siffar ƙwai. Ƙari a kan haka, wuraren da aka yanke jijiyoyi a gicciye sun fi sauran jiki saurin sakin ruwa nesa ba kusa ba. Gefe ɗaya ya bushe yana ja, na kusa da shi yana nan jiƙe ya ƙi biyo shi, ƙarshenta itacen ya yage a inda ya fi rauni.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Itace tun yana tsaye yana ɗauke da wani ɗauri a cikinsa, wanda ya tara cikin shekarun da ya yi yana tsayayya da iska da nauyin rassansa. Jijiyoyinsa kuma wani sinadari ne mai kama da danƙo ya manne su, masana na kiransa liginin, wanda ke laushi idan zafi da danshi suka haɗu a kansa. Wannan ba baƙon ilimi ba ne gare mu. Makiyayin da ke gasa ɗanyar sandarsa a bakin wuta yana miƙe ta da gwiwa, da shi yake aiki, ko da bai san sunansa ba. Masu dafa kwano su ma nan suka dosa: in liginin ya yi laushi, ɗaurin ya saki, itacen zai fi yarda ya lanƙwashe maimakon ya fashe.

Yadda suke yi ba shi da wuyar faɗi. Da an sauke kwanon daga inji, kafin iska ta taɓa shi sosai, sai a nutsar da shi cikin ruwa a danne da wani abu mai nauyi. Ƙa'idar da ta yaɗu a tsakaninsu ita ce awa ɗaya ta tafasa ga kowane santimita 2 da rabi na kauri, kuma lissafin yana farawa ne daga lokacin da ruwa ya tafasa. Suna jan kunne a kan abu guda: kada kwanon ya cika bakin tukunyar, domin itace na kumbura cikin ruwan zafi, in ya toshe tukunya tururi ya taru a ƙarƙashinsa, abin na iya zama haɗari. Bayan an tsame shi ya tsane, sai a naɗe shi cikin takarda mai kauri a kife a inuwa, ana auna nauyinsa lokaci lokaci. Ranar da sikeli ya daina sauka, ya bushe ke nan.

A yammacin Amurka, wajen Oregon da Kalifoniya, akwai wani itace da ake kira madron, kyakkyawa amma mai taurin kai wajen bushewa, ya yi suna wajen murɗewa da fashewa. Masu aiki da shi na cikin waɗanda suka fi riƙo da dafawa. A arewacin Turai ma, masu sassaƙa ƙaramin moɗar itace da ake kira kuksa, a Finlan da Suwidin, an san su da dafa ta cikin ruwan gishiri. Duk da haka masu sana'ar ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Masu yi suna cewa tsagewa ta ragu ƙwarai, bushewa ma ta ƙara sauri. Masu ƙi suna cewa launin itacen yana dusashewa, ruwan dahuwa yana tafiya da kyansa, kuma shafa kakin zuma ko makamancinsa a wuraren yanka ya wadatar da su. Wani amfani dai ba a jayayya a kansa: zafin yana kashe ƙwarin da ke cikin itace da ƙwayayensu. Ƙa'idar duniya ta katakon ɗaure kaya, wadda aka amince da ita a 2002, digiri 56 kawai ta nema a tsakiyar katako na minti 30, tafasasshen ruwa kuwa yana kusa da 100.

To mu ina ruwanmu? Masassaƙinmu da ɗanyen itace yake aiki shi ma, danya ce ko wani, ya raraka da hannu, ya ƙona bayan akushin ya yi baƙi, ya shafe shi da mai. Iskar da yake busar da kayansa a cikinta kuma ta fi ta Oregon tsanani, domin a tsakiyar hunturu danshin iska a Maraɗi ko Damagaram yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Itacen da zai isa a fitar da babban akushi ya yi shekaru da dama yana girma, kuma ba kowa ke da izinin sare shi ba. Dokar gandun daji ta 2004 tana nan a Nijar. Akushi ɗaya da ya fashe kafin ya kai kasuwa, asarar yini biyu ce ga mai iyali, asarar itace ce ga gari.

Amma ba za mu ce kowa ya ɗora tukunya ba. Tafasa rabin ganga na ruwa fiye da awa guda na cin itacen wuta, a ƙasar da akasarin gidaje da shi suke girki. A ganinmu dabarar ta dace ne da wanda ya tara akusa da yawa a lokaci ɗaya, yana hura wutar da ɓarɓashin sassaƙarsa, ya kuma gwada da kaɗan tukuna, ya ajiye dafaffe kusa da wanda ba a dafa ba, daga gungume ɗaya, ya ga abin da hunturu zai ce. Abin da ya fi wannan arha, kuma masassaƙan ko'ina suka yarda da shi, shi ne a kauce wa ɓargon tsakiyar gungume, domin daga nan yawancin tsaga ke tasowa, a daidaita kaurin bango da na gindi, a kuma busar a hankali nesa da rana.

Kwanon itace yana da daraja a tarihinmu da ta wuce ta kasuwa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana da wani babban akushi da ake kira Algarra'u, wanda sai mutum huɗu ke ɗaukarsa. Buhari kuma ya kawo daga Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, cewa ƙoƙon shan Annabi ya tsage, aka ɗaure wurin tsagar da azurfa. Ƙoƙon na itace ne, kuma ya zauna a hannun Anas bayan wafatin Manzon Allah. Malamai sun tattauna hukuncin irin wannan ɗauri na azurfa, a mazhabarmu ta Malikiyya Shehu Halil ya ambaci zance biyu a Muhtasar, don haka mai buƙata ya tambayi malaminsa. Ɗauri da jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe kuwa babu saɓani a kansa, kuma wanda ya duba tsofaffin akusan Buzaye a Agadas zai ga yadda maƙeransu ke ɗinke tsaga da ƙarfe, kwano ya ci gaba da aiki.

Sai jan hankali ga iyayenmu mata, kada a ɗauki wannan bayani a juye. Dafawa ta ɗanyen kwano ce wanda ba a gama ba. Akushin da ke cikin ɗakinku ya riga ya bushe, tafasasshen ruwa zai kumbura shi ne, in ya sake bushewa ya fashe. A wanke shi da ruwa mai ɗumi da zarar an gama cin abinci, kada ya kwana a jiƙe, a goge shi a kife a inuwa, kada a shanya shi a rana ko a jingina shi kusa da murhu. Da iskar hunturu ta fara kaɗawa, a shafa masa ɗan man kaɗanya ciki da baya, a ƙara yawa a gefuna biyu na baki inda itacen ya fi shan mai, domin nan ne yake fara buɗewa.