Furen da Ke Jikin Karta: Daga Alƙahira Zuwa Zawaciki

Duk inda benci da inuwa da zaman jira suka haɗu, ba a rasa mai zaro karta daga aljihu. Haka abin yake ga leburorin kamfanonin Challawa da Sharada masu kwana a Zawaciki da ke Kano, haka yake ga direbobin manyan motocin da ke jiran kaya a tashar tsandauri ta Dala, wadda aka buɗe a garin a Janairun 2023. Galibi Whot ake bugawa, wadda wani ɗan Ingila mai suna William Storey ya ƙirƙiro a 1935. Amma tsohuwar kartar nan mai ƙwaya 52 ba ta ɓace ba, kuma cikin gidajenta huɗu akwai baƙin nan mai kunnuwa uku da ɗan kara, wanda ake yi wa kallon fure. Ganyen wata ciyawa ce da dabbobi ke ci a Turai. Faransawa ne suka ɗora ta a kan karta wajen 1480, saboda tambari mai launi ɗaya ya fi zanen hannu saurin bugawa da araha.

Ita kanta kartar daga Masar ta shiga Turai, wajen 1370, zamanin mulkin Mamalik. Har yau akwai ragowar wata kartar tasu a fadar Topkapi da ke Istambul. Babu fuskar mutum a jikinta. Kofuna ne da tsabar kuɗi da takubba da sandunan ƙwallon dawaki, an kewaye su da zanen furanni irin wanda ake ƙawata littattafai da shi. Ado ne kawai, ba wanda ya ce yana ɗauke da wani saƙo.

A Japan ne fure ya mamaye karta baki ɗaya. 'Yan Fotugal suka kai ta can a ƙarni na 16, hukuma ta yi ta haramta ta saboda caca, masu bugawa kuma suka yi ta sauya mata kama, har aka wayi gari da wadda ake kira hanafuda: ƙwaya 48, kowane wata na shekara da tsironsa da ƙwayoyinsa huɗu, ba lamba ko ɗaya. Maris na furen sakura ne, Satumba na wani fure mai yawan kunnuwa da suke kira kiku. Kamfanin Nintendo, wanda yaranmu suka sani da wasannin kwamfuta, da buga wannan karta ya soma a birnin Kyoto a 1889. Da ta tsallaka Koriya sai tsofaffi suka riƙa jera ta da safe don su ga abin da yini zai zo da shi: wannan labari, wannan masoyi, wancan kuɗi, wancan baƙo. Ƙwayar Satumba suna fassara ta da giya, don kawai mai zane ya ajiye kofi kusa da furen. Kuma tsiron da yake na Disamba a Japan, na Nuwamba ne a Koriya.

Furen kiku ɗin nan ya isa hujja. A Japan shi ne tambarin gidan sarauta. A Faransa shi ake kaiwa maƙabarta ranar 1 ga Nuwamba, ba a miƙa wa amarya shi. Wace ma'anar ce tasa? Ko ɗaya. Yanayin ƙasa da al'adar mutanenta ne suka laƙaba masa. Haka ma kartar duba mai ƙwaya 36 da ke ɗauke da sunan Marie Lenormand, bokanyar nan ta Paris, bayan mutuwarta a 1843 aka fito da ita, hotunan kuma daga wani wasan Jamusawa na 1799 aka aro su. A cikinta damin furanni kyauta ce, ciyawa mai kunnuwa ɗan rabo ne. 'Yan kasuwa ne suka tsara haka don hajarsu ta shiga.

Bahaushe bai taɓa neman gaibu a jikin fure ba. A wurinsa fure abin amfani ne: na gurjiya a yi miya, na taba mata su goga wa haƙora tare da goro su yi ja, na ɗorawa ya shaida cewa bazara ta kusa, na bado ya rufe kududdufi da damina. Masu dubanmu ƙasa suke bugawa, ko su watsa wuri. Mai bugun ƙasa yana ɗiga layuka a rairayi, ya soke su biyu-biyu, ya ga ko ɗaya ya rage ko biyu, daga nan ya fitar da gidaje 16 waɗanda aka raɗa wa sunaye irin su Yusufu da Adamu da Nuhu. Kayan aikin ne suka bambanta, dabarar ɗaya ce: a samo abin da ke faɗowa bisa katari, a yi masa suna mai nauyi, a bar mai tambaya ya cike sauran da damuwarsa.

Katarin kuwa lissafi ya san shi. Yawan hanyoyin da ƙwaya 52 za su iya jeruwa adadi ne mai lambobi 68. Idan aka cakuɗa karta sosai, kusan tabbas ne ba a taɓa samun irin wannan jerin ba a duniya, kuma ba ruwansa da wanda ke zaune a gabanta, ko an sallame shi daga aiki ko ranar aurensa aka sa.

Abin da ke damuna shi ne yadda wannan sana'a ta biyo waya ta shigo ɗakunanmu. A TikTok da YouTube za ka ga an baje ƙwayoyi masu furanni, a ce zaɓi ɗaya. Sai a gaya maka akwai mai yi maka hassada, akwai alherin da aka tare, akwai wanda ke tunaninka. Wane ne a Kano waɗannan ukun ba za su hau kansa ba? Saurayin da ke aikin wucin gadi a masana'antar jima ko ta roba, wanda bai san ko za a kira shi mako mai zuwa ba, da matar da ta ga miji ya sauya fuska, su ne suka fi saurin tsayawa su saurara. Ba wauta ce ke tsayar da su ba, rashin tabbas ne, kuma shi ake sayar musu da maganinsa na ƙarya.

Malamai sun daɗe da nuna cewa aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da kiban neman sa'a a hani guda, kuma hadisin da ke Sahihu Muslim ya ambaci rashin karɓar sallar kwana arba'in ga wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi. Hukumar Hisba ta rufe shagunan caca da dama a Kano a 2024. Shago yana da ƙofar da za a garƙame. Mai duba ta waya ba shi da ita: karon farko kyauta ne, na biyu sai an sayi turare, na uku kuɗin sadaka, duka ta turawa a asusu, kuma wanda aka cuta kunya ba ta barinsa ya kai ƙara ko wurin mai unguwa.