Kukan Jirgin Ƙasa: Yadda Mutanen Amurka Suka Rage Shi

Jama'a, duk wanda ya taɓa kwana kusa da layin dogo ya san yadda kukan jirgi yake tsinka barci. Tun da aka buɗe sabon layin Tema zuwa Mpakadan a 2024, ya kamata mu ji yadda waɗansu suka yi da wannan al'amari.

A Amurka, cikin jihar Fulorida, mutane sun yi ta ƙorafi, har a 1984 aka ba garuruwa izinin hana jiragen wani kamfani busa daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, a mararrabar da take da fitila da sandar tare hanya. Aka yi barci. Amma da aka yi lissafi, sai aka tarar karon jirgi da mota da dare a wuraren nan ya kusa ninkawa uku. Dalili kuwa, direba in ya ga sanda ta sauka bai ji kuka ba, sai ya kewaye ta. A 1991 gwamnatin tarayya ta ce a koma busa.

To, a 2005 aka kafa doka ɗaya ga ƙasar duka. Jirgi zai fara kuka daƙiƙa 15 zuwa 20 kafin ya iso mararraba: dogo biyu, gajere ɗaya, dogo ɗaya. Garin da yake son shiru kuwa sai ya nema, ya kuma gyara mararrabarsa tukuna. Waɗansu sukan kafa sanda huɗu maimakon biyu, su rufe titi ruf. Waɗansu su gina dakali a tsakiyar titi don kada mota ta sami ta kewayawa. Akwai kuma masu dasa ƙaho a bakin mararraba, yana fuskantar motoci, ba ya cika unguwa. Duk da haka, in direban jirgi ya hangi mutum a kan layi, zai busa.

Abin da nake so 'yan kasuwarmu su duba ke nan. Dabarun nan duka don mota aka yi su. Mu kuwa a Ankara mun saba ganin tire da buhun albasa a bakin ƙarfen dogo, yara suna ratsawa da tallarsu, ba sanda, ba shinge. A irin wannan wuri ni ba zan sa hannu a takardar neman shiru ba. In sarakunan zango za su je wurin hukumar reluwe, su fara da roƙon shinge da mai gadin mararraba.