Kambas Mai Kaki Da Na Kwaikwayo: Wanne Ya Fi Dacewa Da Jakar Goyo?

Duk telan da ya taɓa ɗinka jakar goyo, irin wadda 'yan makaranta da matafiya suke ratayawa a baya, ya san rabin aikin yana wajen zaɓen yadi ne. In an dace, jaka ta yi shekaru tana aiki. In ba a dace ba, kafin damina biyu mai ita ya komo shago yana faɗa. A cikin yadunan da ake wannan aiki da su akwai biyu waɗanda suka yi kama ƙwarai a ido, watau kambas mai kaki da kambas na kwaikwayo. Amma fa Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Bari mu fara da na asalin. Kada mai karatu ya zaci atamfa ake nufi, domin kakin atamfa na fitar da zane ne wajen rini, daga baya a cire shi. Shi wannan yadin auduga ne mai kauri, dangin na tamfol, wanda aka shayar da kaki har ya ratsa zarensa. Asalinsa daga matuƙan jiragen ruwa na Ingila da Sikotland ne, waɗanda suke shafa man wani tsiro da ake kira linsid a manyan zannuwan da iska ke bugawa ta tura jirgi, suna kuma yanka rigunan ruwa daga ciki. Aibin wannan mai shi ne yakan sandare da sanyi, ya kuma koma rawaya. Wajen shekarun 1930 aka koma ga kaki irin na kyandir. Kamfanin Halley Stevensons na birnin Dundee, wanda aka kafa a 1864, da British Millerain na 1880, har yanzu suna yin wannan yadi.

Shi kuwa na kwaikwayo babu kaki a jikinsa ko kaɗan. Auduga ce ko foliyesta, aka shafe fuskarta da wani sinadari dangin roba, galibi foliyuretan, don ta yi sheƙi da launin na asalin, ta kuma ture ruwa.

A kan keke ne bambancin yake fara fitowa. Mai kaki ba ya shiri da dutsen guga, domin kakin zuma yana narkewa da zafi ya kai digiri 62 zuwa 64, wani kakin kyandir ma tun bai kai haka ba. Da yatsa ake lanƙwasa shi, ya kuwa zauna daram. Yadin ƙarfafawa mai gam, wanda ake mannawa da guga, ba ya kama shi, sai dai a ɗinka. Ramin fil yana nunawa a jikinsa, saboda haka da maƙalai irin na shanya ake riƙe shi. Ana bukatar allura lamba 16 ko 18, a kuma tsawaita ɗinki zuwa milimita 3 ko 4, sa'an nan a goge allura da haƙoran keke bayan an gama, don kaki yana taruwa. Mai nauyin oza 10 zuwa 12 ƙaramin keke yana ja. Wanda ya fi haka sai babban keke irin na masu tamfol. Na kwaikwayo ya fi sauƙin hannu, ba ya ɓata keke, yawancinsa kuma yana ɗaukar guga mara zafi ta baya, ko da yake ya kamata a gwada a kan ƙyalle tukuna.

Sai maganar yanayinmu. Yadin da aka yi don sanyin Turai, in ya gamu da zafin Maris da Afrilu, musamman a cikin mota rufaffiya, kakinsa yakan yi laushi har ya bar tabon maiƙo a bayan farar riga ko a littafi. Ƙurar hunturu kuma tana manne masa. Don haka tilas a sa masa shafi a ciki, gefen da ke taɓa baya kuma a yi shi da wani yadi dabam. Ba a wanke shi da sabulu ko ruwan zafi, sai buroshi da ruwan sanyi. A nan lalle na kwaikwayo ya yi gaba.

To, amma a tsufa ne gaskiya take bayyana. Mai kaki in ya fara shan ruwa, sai a sake goga masa kaki, a ɗan ɗumama shi ya shige, ya koma aiki kamar dā. Na kwaikwayo kuwa zafi da laima suna cin shafen da ke kansa sannu a hankali, har ya yi danƙo ko ya fara ɓarewa, kuma in ya kai nan babu gyara. Dukansu biyun ruwa yana iya bi ta ramukan allura, saboda haka kada tela ya yi wa kowa alkawarin cewa ko ɗigo ba zai shiga ba.

Yaya za a gane su a kasuwa? A yanki ɗan ƙyalle, a sa tsakanin farar takarda biyu, a ɗora dutsen guga mai ɗumi. In takarda ta yi maiƙo, kaki ne; in ta fita tsaf, na kwaikwayo ne, kada a biya shi kuɗin na asali.

Shawararmu ita ce, jakar yaro ɗan makaranta wadda za a riƙa wankewa, a kuma sake bayan shekara biyu, na kwaikwayo ya ishe ta. Amma matafiyin da ke son jakar da za ta daɗe tare da shi, kuma ba ya ƙyashin kula da ita, ya nemi mai kaki. Tela kuma ya faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ya ɗinka masa, domin amana ita ce jarinsa.