Rumfunan kafintocin sha'awa da matsalar kaɗaicin maza bayan ritaya

A watan Yuni na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma ana danganta mutuwar kimanin mutane 871,000 a kowace shekara da wannan hali. Tun kafin wannan rahoto, Birtaniya ta naɗa ministar kula da kaɗaici a 2018, Japan ta bi sahu a 2021, kuma duk lokacin da hukumomi suka shiga neman magani mai araha, idonsu kan faɗa kan ƙananan ƙungiyoyin masu aikin katako don sha'awa, waɗanda suka bazu a Ostireliya da Ayilan da Birtaniya. Yabon da ake yi wa waɗannan ƙungiyoyi ya dace, amma fahimtar da ke bayansa gurguwa ce, domin abin da ya sa suke da amfani shi ne ba a gina su a matsayin asibiti ba, kuma yunƙurin mayar da su reshen ma'aikatar lafiya na iya kashe abin da ake nema a wurinsu.

Ana kiran irin wannan ƙungiya Men's Shed, wato rumfar maza: ɗakin aiki na haɗin gwiwa a unguwa ko ƙaramin gari, inda mambobi, mafi yawansu dattawan da suka yi ritaya, suke tara zarto da guduma da injinan yanka katako da na goge shi, su biya ɗan kuɗin shekara, su riƙa haɗuwa wasu ranaku a mako. Na farko-farko sun bayyana a Ostireliya a shekarun 1990, a garuruwa irin su Goolwa da Tongala da unguwar Lane Cove ta birnin Sydney. An kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 2007, kuma yau adadinsu a ƙasar ya haura dubu. Ayilan ta kafa tata ƙungiyar a 2011, Birtaniya kuma a 2013.

Ana yawan cewa sha'awar sana'ar hannu ce ta farfaɗo, saboda mutane sun gaji da kayan ɗaki na garin katako da aka matse, irin waɗanda ake sayowa a kwali a harhaɗa a gida, kuma darasin aikin hannu ya ja baya a makarantu. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, sai dai bai isa ya bayyana dalilin da ya sa mutumin da zai iya sassaƙa shi kaɗai a bayan gidansa yake fita cikin sanyi don ya yi layi a kan inji ɗaya da mutum goma ba. Babban dalili shi ne rushewar wurin aiki a matsayin dandalin zumuncin maza. A ƙasashen masana'antu, namijin da ya shafe shekara talatin ko arba'in a ma'adinai ko tashar jirgin ƙasa ko gona ko wurin gini, yawancin abokansa abokan aiki ne, jadawalin ranarsa na aiki ne, kuma darajar da yake ji yana da ita ta fito ne daga cewa wani yana jiran abin da hannunsa zai yi. Ranar da ya yi ritaya, ko aka sallame shi, waɗannan abubuwa uku suna tafiya a lokaci guda, alhali 'ya'ya sun yi nisa, coci da ƙungiyar ƙwadago sun rage jama'a, kuma idan ya koma ƙaramin gida ko gidan tsofaffi har rumfar bayan gida da yake ajiye kayan aikinsa yakan rasa. Babu wani abu a tsarin zamansu da ya yi kama da majalisar ƙofar gida da dattawan ƙasar Hausa suke zama bayan la'asar, inda ake lura da wanda bai fito ba a aika a duba shi.

Tarihin Ayilan ya ƙarfafa wannan fassara. Rumfunan sun shiga ƙasar ne a daidai lokacin da tattalin arzikinta ya durƙushe bayan 2008, harkar gine-gine ta tsaya, dubban kafintoci da magina da masu haɗa wutar lantarki suka wayi gari ba aikin yi, kuma cikin 'yan shekaru ƙasar ta samu ɗaruruwan rumfuna, har ta zama inda suka fi yawa idan aka auna da yawan jama'a. Sha'awar katako ba ta ƙaru dare ɗaya a Ayilan ba. Hannuwan da suka saba da aiki ne suka rasa inda za su yi shi.

Shi kuwa katako ya dace da wannan buƙata saboda dalilai na zahiri. Aikinsa yana karɓar gwani da ɗan koyo a kan benci ɗaya, ta yadda tsohon kafinta zai koya wa tsohon akawu yadda ake auna kusurwa ba tare da ɗayansu ya ji an raina shi ba. Yana buƙatar mutum biyu wajen riƙe dogon katako. Kuma sakamakonsa abu ne da ake gani, a taɓa, a miƙa wa wani. Mambobin sukan gyara kujerun maƙwabta, su ƙera bencin lambun gari, da kayan wasan yara, da akwatunan shuka na makarantu, kuma bayan gobarar daji ta 2019 zuwa 2020 rumfuna da dama a Ostireliya sun ƙera akwatunan sheƙa don tsuntsaye da ƙananan dabbobin da suka rasa kogunan bishiyoyinsu. Farfesa Barry Golding, wanda ya fi kowa nazarin wannan motsi kuma ya wallafa littafi a kansa a 2015, ya lura cewa maza sun fi sakin baki idan suna tsaye kafaɗa da kafaɗa a kan aiki fiye da idan an zaunar da su fuska da fuska, kuma wannan lura ta zama taken ƙungiyoyin. Mutumin da ba zai taɓa zuwa zauren ba da shawara ba yakan ambaci ciwon mafitsara ko rasuwar matarsa yayin da yake goge ƙafar teburi ko a lokacin shan shayi, wani kuma da ya riga ya bi ta wannan hanya ya matsa masa ya je ya ga likita. A ƙasashen da kusan kashi uku cikin huɗu na masu kashe kansu maza ne, kamar Ostireliya da Birtaniya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Masu suka suna cewa hujjar amfanin rumfunan ga lafiya ba ta da ƙarfi, domin yawancin binciken ya dogara ne da abin da mambobi suka faɗa da bakinsu, kuma mai yiwuwa waɗanda suka fi shiga kaɗaici ba sa zuwa tun farko. Suna ƙarawa da cewa an ware mata, kuma baƙin haure da matasa ba su da yawa a ciki. Dole a amince da batun rauni a bincike, kuma bayyanar rumfunan mata da na gauraye ta nuna cewa ƙorafin wariya ba na banza ba ne. Sai dai ƙungiyar da mambobinta suke riƙe ta da kuɗinsu da guminsu shekara da shekaru ta riga ta ba da wata irin shaida, ko da ma'aunin likitanci bai kama ta ba.

Haɗarin da ya fi girma yana zuwa ne daga masoya. Gwamnatin Ostireliya ta sanya rumfunan cikin manufarta ta lafiyar maza a 2010 tare da ba su tallafi, kuma a Ingila, tun 2019, hukumar lafiya ta ƙasa ta faɗaɗa tsarin da likita zai tura mara lafiya zuwa wata harkar jama'a a madadin magani ko tare da shi. Tallafin ya biya kuɗin na'urorin zuƙe ƙura, waɗanda ba abin wasa ba ne, tunda hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa sankara tun 1995. Amma kuɗin gwamnati yana zuwa da fom da rahoto da ƙidayar mutanen da aka taimaka, kuma turo marasa lafiya yana nufin a ɗora wa 'yan sa-kai masu shekara saba'in kula da mai ciwon mantuwa ko mai tsananin damuwa a ɗakin da ke cike da wuƙaƙen inji, ba tare da horo ko ma'aikacin da zai raka shi ba. Da zarar an raba mutanen rumfa gida biyu, masu kula da waɗanda ake kula da su, dattijon da ya zo don a buƙace shi zai ga an mayar da shi abin tausayi, kuma irinsa ne ke fara daina zuwa. Abin da ya kamata hukumomi su ɗauka shi ne nauyin gini da inshora da tsaron inji, su bar wa mambobi ikon zaɓar wanda za su iya karɓa da abin da za su ƙera, sa'annan duk wanda aka turo daga asibiti ya zo da mai kula da shi wanda hukuma take biya.