Saiwa da Ɗafi a Adireshin Intanet

Kowane shafi na intanet yana da adireshinsa, kuma adireshin nan yakan kasu kashi biyu. Na farko shi ne saiwa, wanda ya ke nuna inda shafin ya ke. Na biyu kuwa shi ne abin da ya biyo bayan alamar tambaya, wanda za mu kira ɗafi. Misali, a cikin /takalma?launi=ja&girma=42 akwai ɗafi biyu, alamar & ce ta raba su.

To, mai binciken shafuka, watau wanda aikinsa shi ne duba yadda za su fito a Google, ɗafin nan yakan ɗaure masa kai. Dalili kuwa, na'urar da ya ke aiki da ita, kamar Screaming Frog, takan ɗauki kowane adireshi a matsayin shafi dabam. In ɗafi uku ne, ana iya jera su ta hanya 6, sai shafi ɗaya ya zama shida a rahoto. Baƙin da suka ziyarce shi a rarraba su gida shida, mai shafi ya zaci kasuwarsa ta mutu, alhali kuwa lissafi ne ya ɓaci.

Maganin wannan sananne ne ga ɗalibin ilmin harshe. Bambancin kara da ƙara yana sāke ma'ana, amma faɗi na Kano da hwaɗi na Sakkwato kalma ɗaya ce. Haka ɗafi ya ke. Wani yana sāke abin da ke cikin shafi, kamar launi ko lambar shafi. Wani kuwa, kamar utm_source ko fbclid na Facebook, ba ya sāke kome, aikinsa kawai ya shaida inda baƙo ya fito. Gwaji ɗaya ne: a cire ɗafin, a buɗe shafin. In abin da ke ciki bai canja ba, sai a umurci na'ura ta zubar da ɗafin kafin ta yi ƙidaya. In ya canja, lalle ne a bar shi, gama wanda ya share ɗafi duka zai haɗe shafuka ɗari su zama ɗaya, ya ɓoye kurakuran da ke cikinsu.

A shekarar 2009 Google da Yahoo da Microsoft suka yarda da alamar rel="canonical", wadda mai shafi zai nuna adireshin asali da ita. Google ta taɓa ajiye wani wuri na musamman don tsara ɗafi, amma ta rufe shi a 2022, don haka nauyin ya koma kan mai shafi da mai bincikensa.

Har wa yau, mai rubuta Hausa yana da tasa damuwar. A cikin adireshi ƙ takan koma %C6%99, ɗ kuma %C9%97. Saboda haka ƙasa da %C6%99asa abu ɗaya ne, kasa kuwa wani abu ne dabam. Wajibi ne mai bincike ya tabbatar na'urarsa ta haɗa biyun farko, ta ware na uku, kafin ya sa hannu a rahoto.