Sanyaya Kwamfuta da Ruwan da Aka Sanyaya a Gida

Idan ka taɓa ɗora kwamfutar tafi-da-gidanka a kan cinyarka na tsawon awa guda, ka san tana yin zafi. Zafin yana fitowa ne daga wani ɗan ƙaramin ɓangare da ake kira farosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, wanda faɗinsa bai kai tafin hannun yaro ba. Kusan duk wutar lantarkin da ya ja, zafi take komawa. Manyan farosesa na kwamfutar tebur, irin waɗanda kamfanonin Intel da AMD suke ƙerawa, suna iya fitar da zafin da ya haura wat 200 idan an ɗora musu aiki mai nauyi. Da zarar zafinsu ya kusanci digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, sai su rage gudu da kansu don kada su ƙone.

Yawancin kwamfutoci da fanka ake sanyaya su. Wasu kuma da ruwa, domin ruwa ya fi iska ɗaukar zafi nesa ba kusa ba: zafin da kilo ɗaya na ruwa zai ɗauka ya ninka na kilo ɗaya na iska kamar sau huɗu. Dabarar ba sabuwa ba ce, kamfanin IBM na Amurka ya yi amfani da ita a manyan kwamfutocinsa tun a shekarun 1960. Ana ɗora wani ɗan akwatin jan ƙarfe a kan farosesa, famfo ya tura ruwa ya ratsa ta cikinsa, ruwan ya kwashi zafin ya kai shi lagireto, fanka kuma ta hura shi waje. Sai dai wannan hanya tana da iyaka. Lagireto ba zai taɓa sanyaya ruwa fiye da iskar ɗakin da yake ciki ba. In ɗakinka yana kan digiri 35, ruwanka ba zai sauka ƙasa da haka ba, komai girman fankar. Wanda yake son ya wuce wannan iyaka, dole ya ari dabarar firiji.

Ka tuna da randa. Ruwan randa yana yin sanyi ne saboda ɗan abin da yake tsatsafowa ta jikin yumɓu yana komawa tururi, kuma duk ruwan da zai koma tururi sai ya zuƙi zafi daga abin da yake kusa da shi. Da wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, wani malami daga arewacin Nijeriya, ya yaɗa tukunya cikin tukunya don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Firiji ma haka yake aiki, illa iyaka shi ba ruwa yake amfani da shi ba. Wani sinadari ne da masu gyara suke kira gas, wanda yake tafasa tun yana da sanyi ƙarara. Nau'in da ake kira R-134a, alal misali, yana tafasa a wajen digiri 26 ƙasa da sifiri. Kwampreso yana matse gas ɗin ya yi zafi, ya bi ta bututun waje ya huce ya zama ruwa-ruwa, sannan ya kutsa ta wani siririn bututu ya faɗa cikin bututun sanyi, inda matsin ya ragu. A nan yake tafasa, yana zuƙe zafin duk abin da ya kewaye shi, kafin ya koma wurin kwampreso a sake zagayen. Tun a 1834 Jacob Perkins ya yi rajistar injin da yake aiki a kan wannan tsari a Ingila.

Kuskuren da mutane da yawa suke fara yi shi ne ɗaukar tsohon firijin gida. An ƙera firiji ne don ya sanyaya abinci sannan ya huta, abinci kuwa ba ya haifar da sabon zafi. Kwamfuta ba ta daina fitar da zafi muddin tana kunne, don haka kwampreson firiji zai yi ta aiki ba hutu har ya gaji ya mutu. Abin da masu wannan sha'awa suka fi amfani da shi shi ne ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki, irin wadda ake saka wa a taga. Mafi ƙanƙantarta tana iya kwashe zafin da ya kusa wat 1,500.

Ga yadda ake haɗawa. Ana cire murfin na'urar, a lanƙwaso ɓangaren sanyinta a hankali, a nutsar da shi cikin kula, irin wadda ake zuba ƙanƙara da lemo. Wannan lanƙwasa ita ce aiki mafi hatsari a duk haɗin, domin bututun jan ƙarfe ne mai laushi, in ya karye gas ya tsere, aiki ya lalace. Ana cika kular da ruwa haɗe da maganin hana daskarewa, wanda ake kira gilaikol, a saka famfo a ciki, a ja tiyo biyu, ɗaya ya kai ruwan sanyi kan farosesa, ɗaya ya dawo da shi. Gilaikol yana da amfani na biyu. Akwatin da yake kan farosesa na jan ƙarfe ne, fikafikan bututun sanyi kuwa na alminiyom ne, kuma idan ƙarafa biyu mabambanta suka zauna cikin ruwa ɗaya, ɗayan yakan ci ɗayan. Gilaikol ɗin da ake zuba wa mota yana ɗauke da sinadarin da yake rage wannan ɓarna, amma guba ne, ga shi da ɗan zaƙi, saboda haka a nisanta shi daga yara da dabbobi.

Sai kuma na'urar auna zafi da za ta riƙa kunna kwampreso tana kashe shi. Bari mu yi ɗan lissafi. A ce kular tana ɗaukar lita 20, kwamfutar kuma tana fitar da wat 200. Kafin zafin wannan ruwa ya ƙaru da digiri ɗaya, sai an yi kusan minti 7. Idan ka saita na'urar ta bar tazarar digiri 5 tsakanin kashewa da kunnawa, kwampreso zai huta kamar minti 35, ya yi aiki na 'yan mintoci, ya sake hutawa. Ka ga amfanin babbar kula ke nan. Da ƙarama ce, da kwampreso ya yi ta tashi yana mutuwa a kai a kai, abin da yake saurin kashe shi.

Yanzu mun zo kan abin da ya fi lalata kwamfutoci a wannan aiki, wato raɓa. Ka lura da kwalbar lemo mai sanyi da aka ajiye a kan tebur, yadda jikinta yake yin gumi. Ba daga cikin kwalbar ruwan yake fitowa ba, laimar da take cikin iska ce take taruwa a jikin abu mai sanyi. Tiyo da akwatin jan ƙarfen kwamfutarka ma haka za su yi, kuma ɗigo ɗaya a kan allon lantarki ya isa ya ƙona kayan da aka saya da tsada. Matakin da raɓa take fara sauka ya danganta da laimar wurin da kake. A ɗakin da yake kan digiri 30 da laima kashi 80 cikin 100, kamar yadda ake samu a Legas ko Fatakwal da damina, duk abin da sanyinsa ya sauka ƙasa da digiri 26 zai yi gumi. A ɗaki mai zafi iri ɗaya amma laimarsa kashi 20 ce kawai, irin ta Kano a lokacin hunturu, sai an sauka wajen digiri 5 kafin raɓa ta bayyana. Wato na'urar da za ta yi aiki lafiya a Kano cikin Janairu tana iya jiƙa kwamfuta a Fatakwal cikin Yuli. Mafita biyu ce: ko dai a riƙe ruwan sama da matakin raɓa, ko kuma a naɗe tiyo da akwatin da bayan allon da soson roba, ta yadda iska ba za ta taɓa su ba ko kaɗan. A ganina ta farko ta fi dacewa da mai koyo, ko da yake ribar sanyin da zai samu ba ta da yawa.

Ba aiki ne da ɗalibi zai yi shi kaɗai ba. A cikin na'urar sanyaya ɗaki akwai kafasito da yake riƙe wuta ko bayan an cire soket, wasu nau'o'in gas ɗin kuma suna kamawa da wuta, sannan ga ruwa kusa da lantarki. Ka nemi ƙwararren mai gyaran firiji ya tsaya a kan lanƙwasa bututu da haɗa waya. Ka kuma sani cewa na'urar tana da ƙara, tana ƙara kuɗin wuta, kuma ƙaramin janareta yana shan wahala wajen tayar da kwampreso. Idan an gama haɗawa, kada ka kunna kwamfutar nan take. Ka bar famfon ya zagaya da ruwa yini guda, ka shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin kowace mahaɗar tiyo, ka riƙa dubawa ko ta jiƙe.