Tayi a gwanjon intanet: wa ya isa ya ce albarka?

A kasuwar dabbobi ta Agadas ba a taya raƙumi da ka. Mai saye zai buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya dafa tozo, ya sa a tayar da shi ya ga tafiyarsa, sannan ya furta kuɗi a gaban dillali da jama'a. In ya yi tayin wulaƙanci, mai dabba ya ce albarka ya kau da kai, kunyar kuma ta mai tayin ce. Gwanjon intanet ya kwashe duk waɗannan shaidu. A eBay, ko a zaurukan Facebook da WhatsApp inda ake baje kaya, mutum na iya taya abin jika hamsin jika biyar ba wanda ya ga idonsa. Tun da babu dillalin da zai ce masa "haba Alhaji, ƙara dai", shi ne zai tsawata wa kansa, kuma ma'aunin da ya kamata ya riƙe shi ne abin da kayan suka ci kafin su iso gabansa.

Maƙeran azurfa na Agadas sun fi kowa sanin wannan. A da, masu yawon buɗe ido da 'yan tseren motocin Paris-Dakar ne ke sayen kuros ɗin Agadas hannu da hannu. Tawayen 2007, da sace ma'aikatan kamfanin Areva a Arlit a 2010, sun tsinke wannan hanya. Ko shigar da tsohon garin cikin kayan tarihin duniya da UNESCO ta yi a 2013 bai maido da baƙin yadda suke a da ba. Sai maƙeri ya koma ɗaukar hoton aikinsa da waya, yana jiran tayi daga Yamai, Kano ko Faransa.

Kafin mai saye ya rubuta kuɗi, akwai lissafin da ba ya bukatar malami. A watan Oktoban 2025 oza guda ta azurfa, wato kimanin giram 31, ta haura dalar Amurka 50, abin da ya kai giram ɗaya wajen sefa 900 a lokacin. Kuros mai giram 20 ke nan ya ci kusan jika 18 tun ba a hura wuta ba. Sai aikin: a siffanta shi da kakin zuma, a lulluɓe da laka, a gasa har kakin ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, a fasa lakar. Fasawar nan na nufin kowane kuros sai an sake masa sabon gida. Bayan haka ga goge kaushi da magagari, ga zanen da ake sassaƙawa layi-layi da ɗan ƙarfe mai tsini. A ɗora gawayi, kuɗin aikawa, da la'adar da shafin gwanjon ke yanka. Tayin da ya tsaya a kuɗin ƙarfe kaɗai ya ce wa maƙeri hannunsa ba shi da daraja.

Wani zai ce ciniki ai ciniki ne, in tayi bai yi wa mai kaya ba ya ce albarka. Gaskiya ne, amma albarka tana fita ne daga bakin wanda ke sa ran wani mai sayen zai zo gobe. Wanda tayi ɗaya ya shigo wayarsa cikin wata guda, ga cefane na jiransa, zai sallama ne yana ƙunar rai. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Agadas bai hana gwanjo ba, ya halatta a yi ta ƙari har a tsaya kan wanda ya fi. Amma ya hana a tare ayari a bayan gari a saye kayansa kafin fatake su ji farashin kasuwa. Ɗaya daga cikin illolin da malamai suka ambata ita ce cin amfanin rashin sanin mai kaya. Wanda ya san nawa ake sayar da irin wannan kuros a shagon Turai, ya kuma san maƙerin bai sani ba, bai yi nisa da mai taren ayari ba, ko da yana kwance a ɗakinsa ne.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi. Mai saye ba ya taɓa kayan, ana kuma haɗa farin ƙarfe a kira shi azurfa, wasu masu kaya ma suna sa abokansu su riƙa ƙara tayi na ƙarya don farashi ya hau. Wannan na ƙarshe shi ne najashi, haramun ne a shari'a, eBay ma ta haramta shi a dokokinta. To amma karya tayi ba ya maganin ko ɗaya daga ciki: in kayan jabu ne ko rabin kuɗin ma asara ce, in na gaske ne an zalunci mai gaskiya saboda laifin wani. Abin yi shi ne a nemi hoton kayan a kan sikeli, a ga bayansa, a tambayi sunan maƙerin, a duba nawa aka sayar da irinsa a baya, domin kuɗin da aka biya ne shaida, kuɗin da aka sa wa kaya buri ne kawai. Tsarin eBay kansa yana taimakon mai tayin gaskiya. Mutum ya rubuta iyakar abin da zai iya biya, na'ura ta riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan, in ya ci ya biya ɗan abin da ya ɗara tayin na biyu. Faɗin gaskiyar abin da kaya suka kai a wurinka ba ya sa ka biya duka sai in wani ya matso kusa da kai. Wanda kuma ya ci gwanjo ya kashe waya yana iya sa mai kaya ya rasa wanda ya zo na biyu, har ya sake baje hajar daga farko, wataƙila bayan ya riga ya ci bashin azurfar aiki na gaba.